Yadda Ake Haɗa Kayan Gyaran Jirgin Ruwa Na Hannu

Wanda ya sayi jirgin ruwa na hannu, ko a bakin kogin Yawuri ne ko a Malale ko a Baga, ya sayi katako da inji, ya kuma gaji gyare-gyaren duk mutanen da jirgin ya bi ta hannunsu kafin ya iso gare shi. Wani ya ɓatar da noti ya ɗaura wanda ya samu a aljihunsa, wani ya yanke tiyon mai ya haɗa da guntun na babur, wani ya toshe tsaga da tsumma ya shafe da kwalta har ba a gane wurin. Saboda haka akwatin kayan aiki da ake sayarwa a haɗe a kasuwa, mai sifana ashirin da ɗoriya a jere suna ƙyalli, ba kasafai yake biyan buƙatar irin wannan jirgi ba, domin rabin abin da ke ciki ba zai taɓa hawa kan notin jirginka ba, wanda kuma kake nema ranar da inji ya mutu a tsakiyar ruwa shi ne ba a saka ba. Jirgin da kansa ne zai gaya maka abin da za ka saya, muddin ka ba shi yini guda a kan tudu kana bin sa gaɓa-gaɓa.

Bayanin da zan yi ya fi shafar jirgin katako mai inji a baya, irin wanda ya cika tafkin Kainji da kogin Neja, wanda galibi ake ɗaura masa Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 ko 25 ko 40, wato injin da ake tayarwa da igiya ana kuma haɗa masa fetur da mai a tanki ɗaya kamar ƙaramin janareta. Irinsa na saya, kuma a kansa na koyi yawancin abin da zan faɗa. Mai jirgin faiba, wato wanda aka ƙera da zaren gilashi da gam maimakon katako, ko mai injin Suzuki ko Tohatsu zai ga cewa hanyar ɗaya ce, lambobi ne kawai za su bambanta. Tafkin Kainji, tun da aka kammala madatsar a 1968, ya miƙe sama da kilomita 100, kuma akwai wuraren da faɗinsa ya wuce kilomita 20, ga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suna nan a ƙasa har yau. Mota idan ta lalace ana tura ta gefen titi a jira taimako. Jirgi kuwa iska da ruwa ne suke zaɓa masa inda zai nufa daga lokacin da farfela ta daina juyawa, shi ya sa abin tambaya a kan kowane ƙarfe da za a saka a akwati shi ne ko zai iya mayar da mutum gaɓa.

A fara da samun bakaniken jiragen ruwa wanda mutanen tasha suka yarda da shi, a biya shi kuɗin yininsa, a jawo jirgin kan tudu ko a ɗaure shi inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Kada a sayi komai tukuna. Da kayan aikinsa za a yi amfani, kai kuma ka riƙe takarda da biro, ka ajiye buhu a shimfiɗe. A cire murfin inji, a bi duk wani noti da sukurun da mutum zai iya buƙatar kwancewa a kan ruwa: na fulogi, na kwanon igiyar tayarwa, na kafireta, na matatar mai, na farfela, na maɗaurin inji. Duk sifanar da ta hau daidai, a rubuta lambarta a ajiye ta kan buhu. Abin da ya taru a kan buhun nan da la'asar shi ne ainihin jerin sayayyarka, kuma za ka yi mamakin ƙarancinsa. Akwai wata fa'ida ta biyu da ta kusa fin ta farko, wato duk notin da tsatsa ta kama an kwance shi yau a cikin natsuwa, an shafa masa giris an mayar, ba sai ranar da jirgi yake tangaɗi hannu yana rawa za a gano cewa ya ƙi motsi ba.

Injinan Jafan da awon milimita ake ƙera su, kuma lambobin da suka fi yawa a jikinsu su ne 8 da 10 da 12 da 14 da 17. Tsofaffin injinan Amurka irin su Johnson da Evinrude da yawansu awon inci ne, sifanar milimita tana shiga kamar ta yi daidai amma da an matsa sai ta gwigwiye kan notin. Ranar da muka bi nawa injin, notuna uku ne suke riƙe da kwanon igiyar tayarwa, biyu lamba 10, na ukun kuwa 11, ga alama daga jikin wani abu daban aka ciro shi. Dattijon da ke duba mini ya ɗaga notin sama ya juya shi a rana ya nuna mini yadda haƙoransa suka fara cin ramin, sannan ya jefa shi cikin gwangwaninsa ya ɗauko na asali ya ɗaura. Wannan ita ce shawarar da ta fi: idan aka samu baƙon noti, a canza shi da wanda ya dace, maimakon a sayi sifana ta musamman dominsa. Lamba 10 kuwa a sayi biyu, domin ita aka fi ɗauka, ita ce kuma take fara faɗawa ruwa.

A sayi sifana mai baki biyu, gefe ɗaya buɗaɗɗe gefe ɗaya zobe, kuma a fifita zoben a duk inda zai shiga, saboda ya fi riƙe noti ta kowane gefe. Tsohuwar sifana mai nauyi daga wurin 'yan gwangwan ta fi sabuwa mai arha wadda bakinta ke buɗewa a karon farko. A ƙara sifana mai daidaitawa guda ɗaya matsakaiciya don abin da ba a zata ba, da filaya ta gama-gari, da filaya mai dogon baki, da mai kama abu ta kulle idan an samu, domin ita ce ke ceton mutum idan kan noti ya riga ya mulmule. Sukudireba uku sun isa: mai faɗin baki babba, mai faɗin baki ƙarama siririya don sukurorin kafireta, da mai tauraro. A kan mai tauraron nan akwai abin lura. Sukurorin Jafan, waɗanda sau da yawa ake ganin ɗan ɗigo a kansu, yankansu ya ɗan bambanta da na sukudirebar da aka fi sayarwa, don haka sai a gwada a kan sukurun injin kafin a biya, a zaɓi wadda ta zauna daram ba ta rawa.

Fulogi shi ne abin da aka fi kwancewa a kan ruwa, saboda injin da ke ƙona mai tare da fetur yana saurin tara masa baƙi. A karanta lambar da ke rubuce a jikin farin tangaran ɗinsa, a tabbatar wurin bakanike ko a littafin injin cewa ita ce ta dace, domin mai jirgin na baya yana iya saka wanda ya samu kawai. Yawancin waɗannan injina na NGK suke amfani da shi, masu lamba irin B7HS ko B8HS, kuma sifanar fulogi mai lamba 21 ce take kama su. A ajiye sababbi adadin silindar injin, a cikin kwalinsu, a cikin leda, tare da ƙaramin burushin waya. Wajen ɗaurawa a fara juya shi da yatsu har ya zauna, sannan a ƙara da sifana kwata zuwa rabin juyi, domin kan injin alminiyom ne, wanda ya fara da sifana kuma fulogin ya hau a karkace ya jawo wa kansa aikin da ba a yi a kan ruwa. Launin bakin fulogi yana ba da labari. Ruwan ƙasa mai haske alamar lafiya ce, baƙi mai danshi yana nuna mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni, fari fat kuma yana nuna inji yana zafi ko fetur ba ya isarsa, wanda shi ne mafi hatsari a cikin ukun.

A nan zan daɗe, domin a iya abin da na gani, mutuwar inji a kan ruwa ta fi zuwa daga hanyar fetur fiye da ko'ina. Hanyar gajera ce: tanki, tiyo, ƙwallon robar da ake matsawa don tura mai, mahaɗin da ke shiga jikin inji, matata, sannan kafireta. A jirgi na hannu kowanne daga cikinsu ya sha rana shekara da shekaru. A lanƙwasa tiyon a duba, idan ya nuna ƙananan tsaga ko ya yi tauri kamar kara, a canza shi gaba ɗaya tun yanzu, a kuma saka sabon guntu mai tsawon mita ɗaya ko biyu a akwati, wanda aka yi domin fetur, ba tiyon ruwa ba, domin fetur yana narkar da na ruwa daga ciki ya tura ɓarɓashinsa kafireta. A haɗa da maɗauran tiyo huɗu ko biyar da ƙwallon roba guda na ajiya. Ƙwallon yana da kibiya a jikinsa wadda dole ta kalli inji, kuma na ga wanda ya juya ta baya ya yi ta jan igiya har tafin hannunsa ya saɓule. Murfin tanki ma yana da ɗan sukurun shan iska a samansa, idan aka manta ba a sassauta shi ba inji zai tashi lafiya ya yi tafiya kaɗan ya mutu, don haka shi ake fara dubawa kafin a buɗe akwati.

Ruwa a cikin fetur shi ne babban abokin gaba, ko ya shigo daga jarkar mai sayarwa a bakin tasha, ko daga ruwan sama, ko daga raɓar da ke taruwa cikin tankin da aka bari rabi. Kayan maganinsa ba su da tsada: mazurari mai rariya, ƙyalle mai tsabta marar gashi, da kwalba fara tas wadda ake ganin cikinta. Kafin a zuba man da ba a san asalinsa ba, a tsiyaya kaɗan daga ƙasan jarkar a cikin kwalbar a bar shi ya natsu, idan da ruwa za a gan shi kwance a ƙasa kamar ƙwayar idon kifi, domin ya fi fetur nauyi. Idan kuwa ya riga ya shiga, akwai sukuru a ƙasan kwanon kafireta wanda ake sassautawa a zubar da abin da ke ciki a kan tsumma, a matsa ƙwallo har mai tsabta ya biyo, sannan a wanke kofin matata. Wannan aiki ne da ya kamata mai jirgi ya yi da hannunsa sau biyu ko uku a gaban bakanike har ya iya shi ko da dare. Buɗe kafireta gaba ɗaya a tsakiyar ruwa ban ba da shawara ba, saboda ƙananan kayan cikinta ba su fi ƙwayar shinkafa ba, kuma idan ɗaya ya faɗa tsakanin katakai cikin ruwan ƙasan jirgi an yi sallama da shi.

Ma'aunin mai shi ma kayan aiki ne, ko da yake mutane da yawa da ido suke zubawa. Yawancin waɗannan injina kashi 50 na fetur ne ga kashi 1 na mai, wato mililita 20 a kowace lita, ko rabin lita a tanki mai lita 25, amma a duba abin da aka rubuta wa naka injin, kuma wanda aka yi wa sabon aikin fistin yana buƙatar mai fiye da haka a awoyin farko. A samu roba mai zane a ɗaure ta da zare a jikin tanki, a kuma riƙe lita ɗaya ta ajiya ta man da aka yi domin injin jirgi, wanda ake rubuta TC-W3 a jikin galan ɗinsa. Baƙin man mota yana tayar da inji, amma yana barin toka a fulogi da kan fistin, kuma arhar da aka samu a wurin bakanike take ƙarewa.

Farfela ita ce take haɗuwa da kututture da dutse da ragar masunta, musamman idan ruwa ya ja baya. Wasu ƙananan injina suna da ɗan ƙarfe da ke ratsa sandar farfela, wanda aka yi shi domin ya karye idan an daki abu, ya ceci haƙoran giya. Mai irin wannan inji ya riƙe biyar ko shida, kuma kada ya musanya shi da ƙarfe mai tauri don wai ya gaji da canzawa, domin idan ɗan ƙarfen ya ƙi karyewa to giya ce za ta karye. Manyan injina roba ce a cikin cibiyar farfelar take wannan aiki, idan ta saki za a ji inji yana ƙugi jirgi kuma ba ya gaba, maganin kuwa sai wata farfelar. Saboda haka farfela ta ajiya, ko da tsohuwa ce mai ɗan gibi, tana cikin abin da ba a bari a gida. Amma farfela ita kaɗai ba ta da amfani sai da 'yan rakiyarta: noti, da wasa, wato ɗan faifan ƙarfe mai rami a tsakiya, ta gaba da ta baya, da filin da ake zurawa a lanƙwasa don hana notin kwancewa, da sifanar da aka gwada aka tabbatar ta hau, da guntun katako da ake sawa tsakanin fiffiken farfela da farantin da ke samanta don kada ta juya. Kafin hannu ya taɓa farfela a kashe inji a kuma zare hular fulogi.

Wannan darasi da tsada na saye shi. Watanni kaɗan da sayen jirgin, muna dawowa daga kasuwa bayan la'asar da buhunan masara da fasinja shida, muka daki wani abu a ƙarƙashin ruwa har jirgin ya girgiza, fiffike ɗaya ya lanƙwashe. Ina da farfela ta ajiya, ina kuma jin kaina a shirye. Na ɗaga inji, na durƙusa a kan katakon baya rabin jikina a waje, na miƙe filin na zare, na kwance notin, ina zaro tsohuwar farfela sai wasar da ke bayanta ta biyo ta manne da giris, ta saki, na ji ɗan sautin faɗawarta, na bi ta da ido tana walƙiya har ruwa ya haɗiye ta. Ba ni da wata. Idan aka ɗaura farfela babu wannan wasa, tana matsawa ciki ta ci gidan giya. Da filafili biyu da gwangwala muka kai gaɓa bayan isha'i, wata tsohuwa a cikin fasinjojin tana ta salati, ni kuwa kunya ta hana ni ɗaga kai. Tun daga ranar nake ajiye wasa biyu da noti biyu a zure cikin waya ɗaya, kuma duk lokacin da zan kwance farfela a kan ruwa sai na rataya buhu ko gidan sauro a ƙarƙashinta. Da an cire farfela kuma a duba bayanta, domin zaren raga yana naɗewa a wurin ya yanke robar da ke hana ruwa shiga man giya. Wuƙa mai kaifi da filaya mai dogon baki su ne maganinsa.

Injin jirgi da ruwan kogi yake sanyaya kansa. Wata 'yar farfelar roba ce a ƙafar injin take zuƙo ruwan ta tura sama, alamar tana aiki kuwa ita ce siririn ruwan da ke tsartuwa daga gefen inji, wanda matuƙa suke kira fitsari. Idan ya tsaya a kashe inji nan take. Sau da yawa leda ce ko kainuwa ta rufe ramukan shan ruwa a ƙasa, ko kuma laka ta toshe bakin fitar, har zanzaro yakan yi gini a ciki idan jirgi ya kwana biyu a ajiye, don haka guntun zaren lailon mai kauri na zurawa a ramin yana da gurbinsa a akwati. A jirgi na hannu ina ganin wajibi ne a canza farfelar robar nan tun ranar farko, ko da mai sayarwa ya rantse sabuwa ce, sannan a sayi wata a ajiye. Farin ruwan damina mai ɗauke da yashi da laka yana cin ta da sauri fiye da baƙin ruwan da ke isowa lokacin sanyi, kuma tayar da inji a kan tudu babu ruwa yana ƙona ta cikin ƙasa da minti ɗaya.

Igiyar tayarwa tana tsinkewa ne ranar da aka fi buƙatarta. A riƙe mita biyu mai kaurin ta asali, a kuma koyi yadda ake cire kwanon a naɗa igiya kai tsaye a kan faifan da ke saman inji, wanda yake da ɗan gibi domin ƙullin igiyar, ana tabbatar da giya tana furi kuma babu riga ko hannu kusa da faifan. Ɗan maƙalin robar da ke kashe inji idan matuƙi ya faɗa ruwa shi ma a sayi na biyu, saboda idan ya ɓata inji ba zai tashi ba. Salatif na lantarki, da waya mai laushi ta ɗauri, da tsohon tib na babur da aka yanka sili-sili, da samfefa, da ɗan gwangwanin giris wanda ruwa ba ya wankewa, su ne suka cike ɓangaren inji.

Sai jikin jirgin. A na katako a bi shi da bakin sukudireba ana dannawa, musamman ƙasa inda ruwa ke kwanciya, da mahaɗar katakai, da katakon baya da ke ɗauke da inji. Inda bakin ya nutse ba wuya, wurin ya ruɓe, kuma aikin kafinta ne kafin jirgin ya sake ɗaukar kowa. Abin da ake shiga ruwa da shi na tsayar da yoyo ne har a kai gaɓa: guduma, da kurfi mai faɗin baki marar kaifi na cusa auduga ko tsumma a tsaga, da ƙusoshi masu tsawo biyu ko uku waɗanda ba sa saurin tsatsa, da 'yan falle-fallen kwano da aka yanka kamar tafin hannu da wanda ya fi shi, da robar tib da za a shimfiɗa ƙarƙashin kwanon kafin a buga, da turaku na itace mai laushi da aka fiƙe don toshe rami, da ƙaramin zarto. Kwalta a bar ta a gida, domin sai da wuta take narkewa, wuta kuma ba ta da wuri a jirgin da ke ɗauke da fetur. Mai jirgin faiba ya riƙe gam mai haɗi biyu da ake murzawa kamar ƙullu, irin wanda yake kamawa ko wuri yana da danshi, cikakken faci da ruwan faiba da ƙyallensa kuwa sai an fito da jirgi ya bushe. Ko wane iri ne, a ɗaure injin da sarƙa ko igiya mai ƙarfi a jikin jirgi ban da maɗauransa biyu, saboda girgiza tana sassauta su a hankali, kuma inji ya sha tsalle ya bar jirgi a kan kwana.

Akwai kayan da ba sa shiga akwati amma lissafin bai cika ba sai da su. Filafili biyu, da gwangwala, da anka ko dutse mai nauyi da igiya mai tsawon da ya ninka zurfin inda kake bi sau da yawa, domin abu na farko idan inji ya mutu shi ne a tsayar da jirgi wuri ɗaya kafin a fara gyara. Sai abin kwarfar ruwa guda biyu, wanda jarkar da aka yanke wa gindi ta fi ƙwarya saboda tana da mariƙi, da igiyar ja, da tocila mai ɗaurawa a goshi da batir na ajiya, da usur, da waya a cikin leda biyu, da tukunyar kashe gobara, da rigar kariya ga kowane mutum har yara, kamar yadda hukumar kula da hanyoyin ruwa ta cikin gida, wato NIWA, take nanatawa tare da hana tafiyar dare. Dole in faɗi a nan cewa babu akwatin da ke gyara jirgin da ya ruɓe ko aka yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. Mutanen wannan yanki ba su manta da watan Mayun 2021 ba, lokacin da jirgin da ya taso daga jihar Neja ya nufi Warra ta ƙaramar hukumar Ngaski a jihar Kebbi ya tarwatse a kan ruwa da fasinjoji fiye da 100, aka yi ta tsamo gawarwaki kwana da kwanaki.

Mazubin kayan ya zama na roba mai murfin da ke kamawa sosai. Bokitin fenti mai lita 20 da aka wanke ya fi akwatin ƙarfe, domin ba ya tsatsa, yana iya zama kujera, kuma idan ba a cika masa nauyi ba yana iyo idan ya faɗa ruwa a rufe. A ɗaure shi da igiya kusa da matuƙi, a kan katako sama da ruwan ƙasan jirgi, kada a binne shi ƙarƙashin buhuna. Ƙarafan a naɗe su a tsumman da aka ɗiga wa mai, ƙananan kaya kuma kowane iri a robarsa mai murfi, a rubuta sunansa a jiki domin yaron jirgi ya iya miƙo abin da aka ce. Kowace sifana da filaya a ɗaura mata zaren da za a zura a wuyan hannu lokacin aiki a wajen jirgi. Abin da aka fi ɗauka, wato sifanar fulogi da fulogin da sukudireba da wuƙa, shi ne a sama.

Sauran kaya masu nauyi na gida ne: man giya lamba 90 da ake canzawa duk bayan awa 100 na aiki, da ƙananan wasoshin sukurorinsa biyu, da sukudirebar da ake bugawa da guduma, da ma'aunin tazarar fulogi, da kwalta da fenti. Man giya ta ramin ƙasa ake ɗura shi har ya fito ta na sama, sannan a rufe na saman kafin na ƙasan, kuma idan tsohon ya fito fari kamar madara to ruwa yana shiga, sai a kai wa bakanike kafin wata tafiya.

Idan an gama haɗawa, a zaɓi safiya marar iska a fita nesa kaɗan da gaɓa, a jefa anka, a kashe inji, a canza fulogi, a zubar da man kafireta, a cire farfela a mayar, a tayar da inji da igiyar gaggawa, duk da abin da ke cikin bokitin kawai, yaron jirgi ma ya yi nasa zagayen. Duk abin da hannu ya nema bai samu ba a rubuta shi a saya a ranar. A cikin murfin bokitin a manna takardar jerin kayan a cikin leda, kuma duk fulogi ko fil ko wasa da aka yi amfani da shi a kan hanya a mayar da madadinsa kafin jirgin ya sake barin tasha, domin maƙwabta a bakin ruwa suna aron sifana, kuma lamba 10 ba kasafai take dawowa da kanta ba.